Yadda Ake Zama Maistiro a Bani Malik Cikin Kwana Shida

Kai da surukai suka raina, matso kusa. Bi matakan nan, sakamako tabbas ne. Ni Na'ibi direba, na unguwar Bani Malik a Jidda, a jikina na gwada.

1. Samu malami

Nawa wani tsoho ne ɗan Italiya da kamfaninmu ya ce in riƙa kaiwa zauren kiɗa kwana shida. Maistiro ake ce masa, wato shugaban makaɗa. Shekara arba'in yana tsayawa gaban mutum tamanin, masu goge da masu busa da mawaƙan opera, ya ɗaga ɗan tsinke kowa ya bi. Wai sai da ya shekara goma yana kaɗa wa mawaƙa fiyano kafin a damƙa masa tsinken. Kai kada ka wahala, leƙe ta ƙofa ya isa.

2. Nemi tsinke

Na tsire ma ya yi. Goge ƙulin.

3. Baza labari

A gidan surukai ka ce kun yi aiki tare. Ai ba ƙarya ba ce, mota ɗaya kuka shiga. Kawun matata, Kawu Othman, haifaffen Jidda, shekara bakwai bai ɗauke ni mutum ba. Ran nan ya dube ni ya ce, "Wallah? Halas, magana ta ƙare, bikin ɗana Yazan kai za ka ja makaɗa." Daɗi har ƙwalla, ba zan ɓoye ba.

4. Kada ka saurari matarka

Mastura, uwar 'yarmu Razan, ta ce min, "Abu Razan, mizmar fa za a yi. Ka san shi kuwa?" Na ce kiɗa ai kiɗa ne.

5. Shiga fili, ɗaga tsinke

Ashe mizmar rawar sanda ce ta mutanen Hijaz, wanda ya shiga da'ira ya ɗaga sanda abokin karawa yake nema. Na ɗaga. Sai ga Raed, wani ƙaton ɗan dako na tashar jiragen ruwa, da gora tsawonsa, yana murmushi. Ya ce, "Yalla, mu fara!" Na yi masa alamar a sassauta, yadda Maistiro ke yi. Ya zaci kira ne. Gorar ta wuce ta saman kunnena tana fito.

6. Ƙafa me na ci ban ba ki ba

Kada ka tsaya neman takalmi. Makaɗa ba su ma lura shugabansu ya tafi ba.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, babu ruwana, ban ma san ka ba. Ni dai yanzu duk sanda Kawu ya yi baƙi sai ya aiko a kira ni, don a ba da labarin ina zaune. Kuma ina zuwa.