Mai Wushiryar Da Ta Ci Jarrabawa A Wuri Huɗu

Jama'a, wata ranar Talata, makonni biyu da suka wuce, da ƙafa na taka daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, da goyo a bayana. Ɗan acaɓar da na tsayar cewa ya yi man da ke tankinsa kwana biyu ya yi a layi kafin ya same shi, don haka ba zai ƙona shi a kan mace mai neman ragi ba. Ban ga laifinsa ba. Tun da sojoji suka koma bariki ake ce mana romon dimokuraɗiyya yana tafe. Ina jin motar da ta ɗauko shi ita ma tana layin mai.

Ƙanwata Saratu ce ta fitar da ni. Tun tana aji uku na firamare take hannuna, bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma tun a lokacin take cewa likita za ta zama. Bara ta zana jarrabawar shiga jami'a, maki kaɗan ya hana ta. Daga ranar ta tattara littattafanta ta zuba a kwalin sabulu, ta tura ƙarƙashin gado. Da ƙyar na shawo kanta ta yarda za ta sake, amma da sharaɗi: in ta faɗi bana, kada in ƙara yi mata maganar. To kun ga, dama ɗaya ta rage mini. Ni kuwa na taɓa wuni a asibiti da yarinya mai zazzaɓi a cinyata, muna jiran likita guda da aka bar wa mata sun fi ɗari. Ba na wasa da wannan magana. Shi ya sa na ce ba inda Saratu za ta shiga lesin sai na je na gani da idona.

Wuri na farko a saman wani shagon taya yake. Tun daga titi za ki hango allonsu: wata kyakkyawar yarinya da farar rigar likitoci da mayafi, tana murmushi, ga wushirya, ga tawadar Allah a gefen hancinta. An rubuta: Hajara, ɗalibarmu. Mai wurin ya tare ni da fara'a.

"Hajiya, kin ga bencin can? A nan take zama."

Na ce masha Allah, ina malamin kemistiri? Ya ce ya tafi layin mai. Na fizik fa? Shi ne dai. Ban ɗakin mata? Ya nuna mini wani lungu da ko akuyata ba zan aika ba. Da ya ga ina gyara goyo zan fita, sai ya rage murya.

"Hajiya, ki bar zancen malamai. Ranar jarrabawa muna da namu hanyoyin."

Na ce, "Malam, wadda za ta riƙa yi wa 'ya'yan mutane allura kake so in biyo da ita ta hanyoyinka? In ita ce a bakin aiki ranar da aka kai ɗanka fa?"

Ya ce Allah ya kiyaye. Na ce amin, na sauko.

Wuri na biyu yana wajen Unguwar Gano. Ina ɗaga kai ga allonsu sai na ga Hajara ta riga ni zuwa. Ta cire mayafi, ta yi kitso, ta kuma koma Chinelo. Wushiryar nan tana nan, tawadar Allah tana inda take. Ni uwa ce. Wadda ke iya gane ɗankwalin 'yarta cikin wankin gida guda ba za a sauya mata fuska da mayafi ba. A wuri na uku kuma sunanta Binta, har an ƙara mata tabarau. Na tambayi mai wurin ko ya san an kafa ɗalibarsa a wasu wurare biyu.

"Haba Hajiya, ai mutum yana kama da mutum."

"Har tawadar Allah?"

"Ikon Allah ai ya wuce haka."

Ba a jayayya da mai wannan hujja, sai na yi gaba.

Saura wuri guda, wanda na fi sa wa rai saboda kyauta ne. Mai Girma Uban Marayu, Garkuwar Talakawa, Onarabul ɗinmu da muka yi layi a rana muka zaɓa, ya ƙaddamar da shirin lesin kyauta makonni biyar kafin ranar. Kun tuna bikin. An kafa rumfuna, an toshe titi, maroƙa sun yi kirari har muryarsu ta dushe, an yanka sa, an kuma yi alkawarin likita a kowane gida. Da na isa na tarar da ƙofa da kwaɗo. Ta taga na leƙa: kujeru sababbi fil, ko ledarsu ba a cire ba. Maigadi ya ce makulli yana wurin Isyaku, na hannun daman Onarabul, fom ma yana wurinsa, kuma sai wanda sunansa ya fito a takardar mazaɓa. Na tambaya yaushe aka fara karatu. Ya ce ana jiran a yi bikin raba alli.

Amma kada ku ce shirin bai yi komai ba. A saman ƙofar, kusa da hoton Mai Girma, ga mutuniyata tana murmushi. An rubuta: Somin taɓin shirinmu. Allah ya ja zamanin Onarabul! Abin da jami'a ke kwashe shekara shida tana fama da shi, ya gama shi cikin mako biyar, ba tare da an buɗe ƙofa ba. Irin waɗannan bayin Allah ne ya kamata a ba su matatar mai su riƙe.

Na dawo gida ƙafafuna sun kumbura. Ina ba maƙwabciyata Uwani labari, ita da ba gidan da ba ta kai dillancin atamfa, sai ta dakatar da ni.

"Tsaya. Mai wushirya, da ɗan baƙi a nan?" Ta taɓa hancinta. "Ke dai kin sha rana a banza. Ai Ogechi ce, 'yar Eugene mai kemis na Babban Giji. Jiya ma ita ta sayar mini da maganin tari."

Washegari na je. Ga ta kuwa a bayan kanta, ba farar riga, ba tabarau, tana ƙulla wa wani tsoho magani. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai da ta dafa kanta don dariya.

"Anti, wallahi ni ma ranar da na ga kaina da mayafi sai da na kusa gaishe ta."

Gaskiya ne tana karatun likita, tana aji biyu. Ranar da sunanta ya fito a jami'a ta je shagon Lawan mai hoto, ya ara mata farar rigar da ke rataye a wurinsa, wadda kowa ke sawa. Ya manna hoton a gilashi don talla. Daga nan ba ta san yadda aka yi ba, sai ganin kanta ta riƙa yi a titi. Ko ƙofar ɗaya daga cikin wuraren nan ba ta taɓa shiga ba. Mahaifiyarta ta leƙo daga ciki ta ce, "Maman bebi, mutum huɗu sun koyar da ita, amma ni kaɗai na sayi kananzir ɗin fitilar karatunta."

Na tambaye ta me take yi a gida. Ta ce malaman jami'a sun shiga yajin aiki, wata na uku ke nan. Sai kuma ta yi mini tambayar da duk yawona ba wanda ya yi mini: "Ita Saratun, a ina take faɗuwa?"

Na ce ban sani ba. Ta ce za ta zo ta gani.

Ta zo bayan la'asar da tsofaffin takardun jarrabawa da agogon tebur. Ta ajiye wa Saratu, ta ce fara. Da lokaci ya cika ta karɓe takardar tana dubawa.

"Ke ai kin sani. Matsalarki taurin kai. Tambaya ɗaya ta ƙi ki, kin zauna kina kokawa da ita kamar ta zagi babanki, ga goma sha biyar masu sauƙi a baya ko kallonsu ba ki yi ba."

Saratu ta ce, "Saura kaɗan in samo ta fa!"

"Saura kaɗan ɗin ne ya zaunar da ke bara."

Na yi zaton yarinyar za ta yi kuka. Sai na ga ta tashi ta shiga ɗaki. Can na ji ana jan kwali daga ƙarƙashin gado.

Yanzu sau uku a mako Ogechi ke zuwa. A tsakar gidana ake yi, a kan tabarma, inda nake ganin komai daga bakin murhu. Malamar kemistiri ba ta zuwa layin mai, ban ɗaki kuwa ni ke wanke shi. Musunsu kan tashi jaririya daga barci, ban taɓa tsawata musu ba.

Saboda haka ina miƙa godiya ta musamman ga Masu Girma da suka manta da biyan malaman jami'a. Ba don hikimarsu ba, da ina zan samu malama irin wannan? Sai dai ina jin kunyar kaina. Ogechi ya kamata a ce tana aji, don layin asibitin nan ita ma yake jira. In na idar da salla nakan roƙi Allah ya kawo ƙarshen yajin, sannan in ƙara da ƙaramar murya: bayan jarrabawa.

Jiya sai ga Isyaku a ƙofar gida, da babbar riga da jakar takardu. Wai labari ya kai wa Onarabul cewa akwai haziƙa a layinmu, don haka a kawo ƙaramin hotonta guda biyu a sa ta a rajistar shiri.

Na ce, "An buɗe ajin?"

"Hajiya, ana kan tsare-tsare. Hoton dai ake buƙata da gaggawa."

Hotunan Saratu suna ƙasan akwatina, makullin yana ɗaure a bakin zanina. Amma ba a mayar da ɗan aiken babban mutum hannu biyu, sai na ɗauko nawa na katin awo na ba shi. Ya sa a jaka ko dubawa bai yi ba.

Don haka in kun gan ni a bakin titi da farar riga ina murmushi, ku taya ni murna. Amma don Allah kada ku kawo mini marasa lafiya. Iyakar ilimina ruwan gishiri da sukari ne.