Tseren Kwamfuta a Shagon Sani

Ranar kasuwar Tudun Wada na shiga shagon abokin sana'ata Sani mai haɗa bidiyon biki, rungume da sabuwar kwamfutata kamar jariri.

Na ce, "Malam Sani, furosesar tsohuwar kwamfutar taka, wato ƙwaƙwalwarta, hawainiya ce. Tawa kuwa walƙiya."

Ya ce, "To a gwada mana."

Muka ɗora wa kowacce bidiyo iri ɗaya, a kan wanda tasa ta riga gamawa shi zai karɓi aikin bikin ɗan mai unguwa. Ni da bakina na kira 'yan majalisar ƙofar shagon shaida, har shayi na sa aka kawo musu.

Tawa ta zura da gudu, fankarta na ruri kamar injin ban-ruwa. Ina cikin yi wa jama'a lacca aka ɗauke wuta. Ko gezau ban yi ba, tunda duka biyun masu batir ne. Ashe mai gudun nan cin batir gare ta kamar gara! Saura ƙiris ta gama, allo ya yi baƙi ƙirin. Ta Sani kuwa ta lallaɓa shiru har ta kai.

Har yau, da an ɗauke wuta sai wani ya ƙwala min kira: "Malam Walƙiya, a tayar maka da janareta?"