Ranar da Na Haska Birnin Rum a Zauren Surukaina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar a Argungu, ranar da na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ta yi kunnen ƙashi.

Lokacin ba a yanke mana jiha ba, muna ƙarƙashin Sakkwato. Ni malamin gona ne a Birnin Kebbi, aikina yawo a kan babur cikin fadamun Ambursa da Gulma, ina koya wa mutanen da suka gaji noman shinkafa kaka da kakanni yadda ake noman shinkafa. (Mutane ne masu haƙuri, Allah ya saka musu.) Ana nan sai aka zaɓe mu mu biyu zuwa kwas a ƙasar Italiya, mu ga yadda suke ban ruwa. Ni da abokin aikina Istifanus, mutumin Filato wanda ya daɗe a Birnin Kebbi har Kabancinsa, wato Hausar Kabawa, ya fi nawa daɗi. Da aka gama kwas, kafin jirginmu ya tashi, aka ba mu 'yan kwanaki mu ga birnin Rum.

Gaskiya mun ga gari. Wata mata ce ke mana jagora, tana tafe da laima a ɗage sama don kada mu ɓace, mu kuwa muna biye da ita kamar 'yan tsaki. Ta kai mu wani tsohon gini mai zagaye, kamar ƙaton rumbun da aka cire wa jinka, inda ta ce a da can ake haɗa mutane faɗa da zakuna jama'a na kallo. Ta kai mu kufan tsohuwar kasuwarsu, ba abin da ya rage sai ginshiƙai a tsaye. Ta kai mu babbar majami'arsu mai ƙubba, inda Istifanus ya daɗe a durƙushe yana addu'a, ni kuma tun daga ƙofa na tuɓe takalmina na riƙe a hannu, sai da na lura ni kaɗai ne ba takalmi a duk wurin. Mun shiga gidajen kayan tarihi har ƙafafuna suka kumbura. Mun ci taliya safe da rana, mun sha wani gahawa mai ɗaci a kofin da bai fi murfin kwalba ba. Har kogin garin mun leƙa daga kan gada, na ce wa Istifanus wannan ko rabin gulbinmu bai kai ba, ga shi ba kwalekwale ko ɗaya.

Abu guda ne ya dame ni a garin nan: gumaka. Ko'ina ka juya, mutum ne na farin dutse a tsaye, kuma yawancinsu ko ƙyalle babu a jikinsu. Ni da na tashi a gidan da ko singileti ba a fitowa da ita tsakar gida, sai na yi wa kaina doka. Duk inda na hango irinsu, sai in juya musu baya. Istifanus ne mai kyamara, kuma duk lokacin da ya ce in tsaya ya ɗauke ni, sai in gyara hula, in baza babbar riga, in washe baki. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa wanda ya juya wa abu baya ya fuskanci kyamara, to abin nan yana saman kansa a cikin hoto ba.

Na dawo gida da wata cuta. Ba a yin hira da ni sai na ce "ai a Rum". A kawo tuwo, a Rum ba haka ake ci ba. A yi maganar rami a hanyar Argungu, a Rum da dutse suke shimfiɗa hanya. Har mahaifiyata ta fara tashi ta bar min wurin idan na buɗe baki.

A lokacin ina neman auren Kulu, malamar firamare a Argungu. Ni da ita mun daidaita, saura manya. Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Umaru, tsohon malamin Arabiyya, mutum ne da ba a gane cikinsa. Tun da na fara zuwa gidan, in na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa, ya tambayi mutanen Birnin Kebbi, ya koma kan littafinsa. Bai ce min e ba, bai ce a'a ba, kuma ba dama in turo magabatana bai ba da izini ba. Shi ne na yanke shawarar in nuna masa cewa ba ƙaramin mutum ne ke neman 'yarsa ba.

Hotunan da Istifanus ya ɗauka ba irin na kati ba ne, 'yan ƙanana ne na majigi, waɗanda sai an sa su a na'ura an haska a bango. An kai su wanki Kaduna, suka daɗe ba su dawo ba. Ranar da suka iso kuwa ita ce ranar da na riga na aika Argungu cewa ina tafe da birnin Rum. Istifanus ya ce mu tsaya mu kalle su tukuna a ofis. Na ce masa ba lokaci, ai ni ne a ciki, me zan gani wanda ban sani ba? Na ɗaga biyu ko uku a hasken rana, na ga ɗigon fari wanda na tabbata rigata ce, na ce ya isa. Muka ari majigin ofis da ƙaramin janareta, muka loda a a-kori-kura muka kama hanya.

Bayan sallar la'asar aka shirya zauren. Aka toshe tagogi da tabarmi, aka rataya bargo a ƙofar waje, muka kafa farin zanen gado a bango. Malam Umaru ya zauna a gaba kan buzunsa. Kusa da shi yayansa, Baba Manu, tsoho mai faɗin ƙirji wanda ya ƙare rayuwarsa a sana'ar su, wato kamun kifi, kuma shi ne waliyyin 'yan matan gidan. Maƙwabta dattawa suka cika sauran wurin. Ta ƙofar cikin gida kuma ina jin motsin mata, na san Kulu da mahaifiyarta suna nan a bayan labule. Ni kuwa na sha farar shadda, na tsaya gefen zanen da sanda a hannu kamar mai ba da lacca a jami'a.

Da farko abin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Ginin zakuna ya fito ƙato a bango, dattawa suka yi salati. Na yi bayani, na ƙara gishiri inda ya kamata. Ginshiƙan kufai suka fito, na lura Malam Umaru ya ɗan matso gaba. Majami'a ta fito, Istifanus ya yi bayaninta daga bayan na'ura, aka jinjina girman ƙubbar. Ga ni a kan gada, ga ni da farantin taliya, aka yi dariya. Na ji kaina ya yi girma. Na ɗaga murya yadda za a ji ni har bayan labule, na ce, "Yanzu kuma za ku ga inda na fi so a duk birnin."

Na faɗi haka ne kawai don daɗin baki, ban san abin da ke biye ba. Istifanus ya danna.

Ga ni nan a ƙasan hoton, ɗan mitsitsi, hula a karkace, haƙora duka a waje. A samana kuwa, daga ƙasa har rufin zauren Malam Umaru, wani ƙato ne na dutse a tsakiyar ruwa, da gemu, ya ɗaga mashi zai soki wata dabbar ruwa mai hannuwa da yawa. Yadda uwarsa ta haife shi, in dai dutse na da uwa. Kuma mai sassaƙar nan bai yi ha'inci ba, bai bar komai ba.

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar janareta daga waje. Na ji labule ya faɗi, na ji gudun ƙafafu zuwa cikin gida. Na ce da Istifanus a hankali ya wuce. Ya danna, na'ura ta yi ƙara, hoto bai motsa ba. Ya sake dannawa, ya bubbuga ta, ya ce min cikin raɗa ya maƙale. Maimakon in ce a kashe janareta, ko in zare waya, ko in cire hulata in rufe idon na'urar (duk waɗannan dabarun sun zo min daga baya, a hanyar komawa gida), sai na yi tsalle na tsaya a gaban zanen, na baza hannuwa don in kare hoton da jikina.

Na ce muku farar shadda na sa. Ashe babbar riga fara ta fi zanen gado karɓar majigi. Ban gane ba sai da na ga wani dattijo ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Na duba ƙirjina. Abin da nake ƙoƙarin ɓoyewa ya tashi daga bango ya dawo kaina, daidai tsakiyar aikin rigata, ina tsaye a gaban mutumin da nake neman 'yarsa.

A nan na sallama. Na ce a raina Kulu ta tafi, kuma kafin magariba duk Argungu za ta ji cewa malamin gona ya je Turai ya kawo wa surukansa tsiraici.

Baba Manu ne ya fara magana.

"Kauce, ɗana, ka tare muna."

Na kauce, don ba ni da sauran ƙarfin yin gardama. Tsohon ya miƙe da kyar, ya matso har gaban zanen, ya ƙura wa hoton ido, amma ba inda kowa ke gudun kallo ba. Mashin yake dubawa da dabbar.

"Wanga ai masunci na," in ji shi. "Mi yaka soka?"

Na ce wata dabbar teku ce, ban san sunanta ba. Ya tambaya ko ana cin ta, Istifanus ya ce ana ci, har an ba mu mun ƙi. Baba Manu ya girgiza kai, ya ce lallai mutanen nan sun san darajar kamun kifi, tun da har suka sassaƙa masunci suka kafa a tsakiyar gari, shi ga shi ya tsufa a ruwa ko hotonsa ba wanda ya taɓa ɗauka. Sannan ya ja baya kaɗan, ya dubi ƙaton daga sama har ƙasa.

"Amma duk arzikin garin ga, a rasa mai ba shi bante?"

Dariyar da dattawan nan suka daɗe suna dannewa ta ƙwace. Har da masu share hawaye da bakin rawani. Na saci kallon Malam Umaru, na ga ya sa hannu ya rufe bakinsa, kuma ba tari yake yi ba. Da aka lafa, ya ce a kashe injin hakanan, lokacin alwala ya gabato. Ban taɓa jin daɗin mutuwar janareta irin na ranar ba.

Muna naɗe waya sai Malam Umaru ya ce in same shi a ƙofar gida. Na je na durƙusa, ina jiran hukunci. Can sai ya tambaye ni ko waɗannan ginshiƙan da na nuna su ne abin da ya rage na Rumawan da suke karantawa a littattafai. Na ce haka jagorarmu ta faɗa, Allah ya gafarta Malam. Ya ce tun yana ƙarami yake jin labarin ƙarfinsu da mulkinsu, bai taɓa zaton zai ga kufansu da idonsa ba, kuma abin ya ba shi tunani. Ya tambayi inda na riƙa yin salla a can da abin da na ci, na faɗa masa gaskiya. Ban taɓa jin ya yi min magana mai tsawon haka ba.

Da zan tashi ya ce, "Ka sake kawo su wata rana in ƙara ganin kufan nan. Amma ka tankaɗe su tukuna." Sannan ya ƙara da cewa in gaya wa magabatana ƙofa a buɗe take.

Ban san yadda na isa mota ba. Istifanus na ta ba ni haƙuri, yana rantsuwa shi ruwan yake son ɗauka, ni kuwa dariya kawai nake yi kamar wanda aka sako daga kurkuku. Washegari muka rufe ofis muka kalli sauran hotunan mu biyu. Sai da na ga abin da ke biye da masuncin nan na gode wa Allah da na'urar ta maƙale, don na gaba mata ne, kuma su ma ba wanda ya ba su zane.

Kulu ta yi mako tana ƙin haɗa ido da ni, ba don fushi ba, sai don da ta dube ni dariya ke kama ta. An ɗaura aure bayan an cire shinkafa. Har Baba Manu ya bar duniya bai kira ni da sunana ba, sai dai abokin masunci, kuma jikokinsa sun gaji sunan.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk abin da za ka kai gaban surukai, ko da hotonka ne, ka fara kallonsa kai kaɗai a ɗaki. In kuwa abu ya ɓaci a bainar jama'a, ka nemi inda waya take ka zare, kada ka ce da jikinka za ka tare, musamman in fararen kaya ka sa.