Sunan Surukina a Fuskar Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe ɗakin kwamfuta na makarantarmu a unguwar Takur, cikin Dutse, ba, ko da kuwa na so in manta.

Lokacin ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci ba, ina koyar da lissafi. Kwamitin iyaye ya sayo mana tsofaffin kwamfutoci biyar, aka ce ni zan kula da su. Shugaban kwamitin kuwa Alhaji ne, mahaifin matata, mutumin da tun daga ƙofar zaure nake tuɓe takalmi in zan gaishe shi.

Kwamfutocin sun zo maƙil da bairos. Na je Kano na samo faifan Linux kala uku, manhajar da kowa zai iya kwafa kyauta ba tare da ya ci haram ba. Sati biyu ina gwaji. Biyu na watsar, don sai ka wuni kana rubuta umarni a baƙin allo. Na ukun na zaunar da Madam Rifkatu, mai buga mana takardu, na ce ta taɓa. Nan take ta buga wasiƙa, ta ce, "Malam, wannan ai ko kakata za ta iya." Shi na ɗauka.

Sai maganar tsaro, nan fa na baje gwaninta. Kowa na buɗe masa asusunsa, babban asusun da tambayoyin jarrabawa ke ciki na riƙe a hannuna. Kalmar sirri kuwa dole ta zama doguwa, haruffa da lambobi, wadda ba mai zato. Na ce a raina, mene ne duk faɗin Jigawa ba wanda zai ce zai fito daga hannuna? Sunan surukina, tsuransa, ba Alhaji ba komai! Na haɗa da laƙabin yarintarsa da wata gwaggonsa a Ringim ta taɓa tsegunta mini. (Allah Ya yafe mini, har dariya na yi ni kaɗai.)

Ranar buɗewa dattawa suka kewaye ni. Na ƙara girman rubutun saboda idanunsu, na hau cika baki: "Ko wane ne ya zo, wallahi sai dai ya kalla ya koma." Ina magana ina kallonsu, yatsuna suna aiki, don su ga ba sai na duba ba. Ashe a gurbin suna nake bugawa, inda komai ke fitowa a fili, ba a gurbin sirri ba.

Madam Rifkatu ta taka mini ƙafa, "Malam! Malam!" Na waiwaya, ga shi nan ɓaro-ɓaro: IluSarkinKuka44.

Alhaji ya gyara tabarau, ya matso, ya karanta shi harafi-harafi, a bayyane. Liman ya kama tari. Shugaban makaranta ya hau nazarin silin. Ni kuwa gumi har cikin hula, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zube, na ce, "Baba, tuba nake."

"Gwaggo Hansai ce ko?"

Na ce ita ce.

"To, aikin me sunan yake yi a cikin na'urar?"

"Shi ne makulli, Baba. In ba shi, ba mai shiga."

Ya juya wajen dattawa: "Kun dai ji ko? Sai da izinina." Aka fashe da dariya. A bakin ƙofa ya rage murya, ya ce, "Kafin la'asar ka goge shi. Kuma kada 'yata ta ji." (Dutse ce fa. Kafin in kai gida ta ji, kwana biyu tana miƙo mini tuwo tana kallon gefe.)

Amma bari in yabi kaina: shekara shida kwamfutocin nan suka yi ba bairos, kuma ko tambaya ɗaya ba ta taɓa fita ba. Abin da na koya dai, in za ka zaɓi kalmar sirri, zaɓi wadda ranar da ta tonu kwamfuta kawai za ka rasa, ba mutuncinka ba.