Lokandar da Na Zaɓa wa Baffa a Madani

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da zuwana Wad Madani neman aure ba, musamman masaukin da na zaɓa da kaina, da abin da bakina ya aikata a cikinsa.

A lokacin Turawa ba su daɗe da barin Sudan ba. Ni ɗan Mai Wurno ne, garin mutanenmu da suka zo daga ƙasar Hausa, amma ina aiki a Hasahisa, ƙaramin akawu a wurin da ake gurzar auduga. Ina da dogon wando, ina da agogon hannu (wanda sai an girgiza shi yake tunawa da aikinsa), ina kuma da Larabcin da nake ganin ko a Khartoum ba za a raina ba. A taƙaice, ina jin kaina ƙwarai.

Yarinyar da nake so sunanta Rakiya. Mahaifinta ya rasu a Dindir, sai uwarta ta dawo da ita Mai Wurno wurin danginta. Uwar ta amince da ni, amma ta ce magana tana hannun ƙanen marigayin, wani Alhaji Umaru, mai cinikin hatsi a Madani, wanda babu wanda ya taɓa ganinsa a gidanmu. Shi kuma ya aiko cewa manya su zo, kuma su taho da yaron, yana son ya gan shi da idonsa. Aka ɗora tafiyar a kan Baffa Garba, yayan mahaifina, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda Larabcinsa bai wuce na sayen gishiri ba.

Tun muna cikin jirgin ƙasa daga Sinnar Baffa ya ce, "In munka isa, mu sauka wurin Malam Isa, almuhajirin da munka yi noma tare. Yana da zaure, yana da tabarma."

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, wannan karon ba zaure. Mutumin birni, tambayar da zai fara yi mana ita ce ina muka sauka. In muka ce a tabarmar wani, ya gama auna mu. Lokanda za mu kama, mai ɗaki na gaske, a unguwar mutunci."

Lokanda ita ce otal a bakin mutanen can. Ban taɓa kwana a cikinta ba, amma wani abokin aikina, Abdu, ya karantar da ni. Ya ce in duba katifa, in duba taga, in duba maƙwabta. Ya kuma ja kunnena da cewa ko ɗaki ya burge ni kada in nuna, in kushe shi, ta haka ake ba mutum mafi kyau. Na riƙe wannan karatu kamar Fatiha.

Muka sauka da hantsi. Lokandar farko tana gaban tashar jirgin. Ɗakin ba laifi, amma muna tsaye jirgi ya yi kuka, har randar ruwan da ke lungu ta amsa. Na ce ba mu kwana a nan. Ta biyu tana bayan kasuwa, dab da masu sayar da kifin gishiri. Ban ma shiga ba, hancina ya yanke hukunci tun daga ƙofa. Ta uku ba ta da ɗaki ko ɗaya, fili ne kawai aka jera gadajen igiya a ciki kamar asibiti, direbobin lori suna ta minshari da rana tsaka. Baffa ya dubi wani gado da ba kowa, ya dube ni, irin kallon da ɗan akuya yake yi wa ciyawa.

"Ɗana, wanga ma ya isa. Barci dai za mu yi."

"Baffa, saura kaɗan."

Haka na yi ta jan tsohon nan cikin rana, ni da akwatin ƙarfe a ka, shi da sanda da buta. Wata lokandar na ƙi ta don tana jikin silima. Wata kuma ɗakinta tsaf, har da madubi, amma na lura maƙwabtan mata ne da ke zaune a ƙofar gida suna gaida duk namijin da ya wuce da fara'ar da ta yi yawa. (Baffa ya amsa gaisuwar tasu da kyau, har yana cewa mutanen unguwar nan akwai tarbiyya. Ban yi masa bayani ba.) Azahar ta same mu a hanya, muka yi salla a wani masallaci, ya zauna yana matsa gwiwa, ya ce shi daga nan ba ya ƙara taku. Na durƙusa na roƙe shi. Na ce guda ɗaya ta rage, in ba ta yi ba ni da kaina zan kai shi zauren Malam Isa. Ƙarya nake yi, da ba ta yi ba da sai na nemi wata.

Sai ga ta, a wata unguwa kusa da kogi. Titi a share, itatuwan dogon yaro a jere, masallaci a kusurwa, ba hayaniya sai kukan kurciya. Mai lokandar yana zaune a kan kujera a bakin ƙofa, dattijo mai jiki, fari sol da jallabiya da babban rawani irin na Larabawan birni. Ya tashi ya tarbe mu da Larabci mai daɗi, na amsa masa da nawa, har ina ƙara masa gishiri. Da kansa ya kai mu ɗakin.

Wallahi ɗakin ya yi. Gado biyu da katifun auduga, zanen gado fari, fanka a sama tana juyawa, taga tana kallon ruwa. Zuciyata ta ce alhamdu lillahi, amma karatun Abdu ya ce kushe. Na ɗaga katifa ina neman kuɗin cizo. Na shafa yatsa a kan taga na duba. Na leƙa ƙarƙashin gado. Na shinshina matashin kai. Da Larabci na ce wa mai gidan, cikin yanga, "To, ba laifi, za mu yi maneji." Sannan na juya wurin Baffa, na koma Hausa, harshen da na tabbata a duk unguwar nan mu biyu kaɗai muke ji.

"Baffa, ɗakin ya fi na gwamna, amma kada ka nuna. Dubi mai shi, tumbi kamar randa. Duk kitsen baƙi ne ya tara. Ga gemu kamar na bunsurun layya."

Baffa ya yi tari. Na ɗauka ƙurar hanya ce. Na zaunar da shi a gadon da ke jikin taga, na cire masa takalma, na jiƙa tsumma na ɗaura masa a gwiwa. Mai lokandar yana tsaye yana murmushi, ya sa aka kawo mana gahawa a 'yar tukunyar jabana, ya zuba mana da hannunsa. Ganin kirkinsa, sai na tambaye shi da Larabci ko ya san gidan wani Alhaji Umaru mai hatsi.

Ya ɗan dube ni, ya ce, "Na san shi sosai. Layi na biyu bayan masallaci, koriyar ƙofa. Gobe da hantsi za ku same shi. Lafiya dai?"

Na ce aure muka zo nema. Ya ce Allah ya sa alheri. Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma na sake juyawa wurin Baffa.

"Ka gani ko? Unguwarsu ɗaya ma. Gobe in Alhajin nan ya ji inda muka sauka, jikinsa zai yi sanyi. An ce marowaci ne, ga girman kai. Shekara nawa bai leƙa marainiyar nan ba, sai yanzu da aure ya zo ya tuna shi uba ne. Bari dai a ɗaura, in ya ƙara ganin ƙafata a gidansa ya yanke ta."

Wannan karon Baffa taka mini ƙafa ya yi, da ƙarfi. Na ce, "Sannu Baffa, gwiwar ce?" Mai lokandar ya tattara kofunansa, ya yi mana sallama da Larabci, ya fita. Baffa ya ce kawai, "Allah shi kyauta." Ni kuwa na yi barcin da ban taɓa yin irinsa ba.

Da hantsi na shafa mai, na girgiza agogo, muka nufi koriyar ƙofa. Aka shigar da mu ɗakin baƙi, muka tarar da dattawa biyu, maƙwabtan Alhaji, waɗanda ya gayyato su shaida. Muka zauna. Ina ta gyara zama don a ga agogon. Sai labule ya motsa.

Tumbin ne ya fara shigowa. Na gane shi kafin in ga fuskar. Bayan shi gemun. Ya sauya rawani da hular saƙi irin ta mutanenmu, ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya dubi Baffa, ya buɗe baki da Hausar Sakkwato tsantsa, irin ta kakata:

"Malam Garba, kun kwan lahiya? Ina gajiya? Katihwar dai ba ta cije ku ba ko?"

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kunnuwana suka ɗauki zafi. Na dubi ƙofa, tana bayansa. Na dubi taga, akwai ƙarfe.

Ya zauna a hankali, ya shafa gemun, ya ce wa dattawan, "Wanga shi na yaron da ni ka ba ku labari. Ya ce gemuna na bunsuru ne. Na layya dai, ya ɗan girmama ni." Suka fashe da dariya har ɗaya yana share hawaye da bakin rawani. Sannan ya juyo gare ni. "Ɗana, ga ƙafarka cikin gidana. Yanzu za a yanke ta, ko sai an ɗaura?"

Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. (Daga baya ya gaya mini tun a bakin ƙofar lokanda ya ga haƙoran mutumin ja wur da goro, ya san namu ne. Bai dai san shi ne Alhajin ba, don ba wanda ya gaya mana bayan cinikin hatsi yana da lokanda. Na ce me ya hana ka gaya mini? Ya ce, "Na yi tari, na taka ka. Sai in yi maka kiran salla?")

Duk jikina yana cewa in tashi in gudu, in hau jirgi, in nemi aiki a Habasha. Amma na tuna Rakiya, na tuna ban jawo tsohon nan cikin rana don in koma hannu sake ba. Na sauko daga kujera, na gurfana a gabansa.

Na ce, "Alhaji, duk abin da ka ji na faɗa, ni na faɗa, ba ni da bakin kare kaina. Ka yi mini hukuncin da ka ga dama. Amma auren nan ban fasa nema ba. In ka kore ni yau zan dawo gobe, in ka kore ni gobe zan dawo jibi."

"Kuma ina za ka sauka?"

"A lokandarka, Alhaji. Na zagaye garin nan kaf, babu kamarta."

Nan shi ma dariyar ta ƙwace masa, tumbin yana rawa. Da ya natsu sai fuskarsa ta canza. Ya ce maganar rowa da gemu ba ta dame shi ba, amma maganar marainiya ta shige shi, don akwai gaskiya a ciki: tun rasuwar ɗan'uwansa yana aike, amma bai taka ya je ba, kuma ba wanda ya taɓa faɗa masa a fuska sai ni, ko da yake ni ma a bayan ido nake nufi. Sannan ya dubi Baffa.

"Malam Garba, jiya na ga abu biyu. Na ga baki wanda ba shi da linzami. Na kuma ga yaro ya ba tsoho gadon taga, ya cire mai takalmi, ya ɗaure mai gwiwa tun bai sha ruwa ba. Wanda ya leƙa ƙarƙashin gado don baffanai shi kwan lahiya ba ya barin ɗiyata cikin wahala. Na ba shi. Bakin kuma, ita Rakiya ta ji da shi."

Aka yi fatiha. Ban iya ɗaga kai ba har muka fito.

Alhaji ya zo Mai Wurno da kansa ranar ɗaurin aure, kuma kafin a raba goro ya ba duk wanda ya halarta labarin, da murya da kwaikwayo, har da yadda na shinshina matashin kai. A nan ya raɗa mini suna Mufattish, wato mai duba aiki, irin jami'an da ke zagaya gonakin auduga suna neman laifi. Sunan ya bi ni Hasahisa, ya bi ni gida. Yau jikokina ma da shi suke kirana, wasunsu suna zaton sunan yanka ne.

Abin da na koya? Zan so in ce na daina gulma, amma Rakiya tana nan da rai, za ta ƙaryata ni. Abin da dai na daina shi ne ɗaukar Hausa a matsayin aljihun ɓoye magana. A ƙasar nan ba ka san kan da ke ƙarƙashin rawani ba. Shi ya sa har gobe, in na ga baƙon mutum kuma bakina ya fara ƙaiƙayi, sai in fara ce masa, "Sannu, ina wuni?" In ya ce lafiya lau, sai in yabi gemunsa.