Yadda Na Sa Alhaji Hawa Rumbu

Ranar da na kafa wa ƙungiyar 'yan hatsin Ƙanƙara saba, wato kwamfutar da za ta riƙa nuna farashin masara a intanet, ko gaisuwa da yanga nake amsawa. Na buɗe shafin a ofis, ya fito tas.

Sai ga kiran Alhaji, shugaban ƙungiyar, daga Daudawa.

"Injiniya, abin naka bai buɗe ba, ga masu saye na jira."

"Alhaji, sabis ɗin ƙauyenku ne. A nemi tudu."

Dattijo da furfurarsa ya kafa tsani ya haye rumbu, waya a sama, iyali na salati a ƙasa. Shafin dai bai buɗe ba. Na kushe wayarsa, har na ce ya sayi ta kirki.

Da na sake dubawa sai na ga aika-aikar: adireshin da na raba wa jama'a ba ya aiki sai a kwamfutar da ke gabana. Duk duniya ni kaɗai ke ganin farashin.

Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ɗaga murya: "Injiniya, nawa masara? Ko mu ɗauko tsani?"