Katin Gaisuwa ga Ɗan Lelen Inna

Ba zan taɓa mantawa da katin gaisuwar da ya kusa raba ni da Rabi ba. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, an yi mana ƙarin albashi, ina ƙaramin akawu a Sabon Gari, ga sabon babur, ga wando fantalo (mai share titin Fagge kyauta). Amma babbar taƙamata ita ce shirin gaishe-gaishe na rediyo. Duk mako sai an karanta katina, kuma ba na gaida mutum da sunansa haka kawai, sai na laƙaba masa wani mai daɗi. Har roƙona ake yi in saka mutum.

Rabi 'yar wani Alhaji ce mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, mutum mai kwarjini, dariya ma sai ya ga dama. Manyana sun je neman aure, ya ce zai yi shawara. Ana cikin jira na je Kwaciri gaida mahaifiyarsa, Inna, sai ga shi ya shigo. Tsohuwa ta ɗago ta ce, "Ɗan Lele, ka ci abinci kuwa?" Alhaji da gemunsa ya durƙusa ya ce, "Na ci, Inna."

Mai hankali zai yi kamar bai ji ba. Ni kuwa na ce na samu hanyar nuna na zama ɗan gida.

Ranar Asabar bayan la'asar na tafi Kwari takanas, na tsaya gefen rumfarsa don in ga murnarsa da idona. Kowace rumfa rediyo a kunne. Sai mai gabatarwa ya ambaci sunana, ya karanto har da jan murya: "Yana gaida Ɗan Lelen Inna, sarkin atamfa na Kantin Kwari, daga ɗansa na gobe in Allah ya so."

Can wani dattijo mai shadda ya leƙo ya ce, "Alhaji, ashe kai ne Ɗan Lelen?" Aka bushe da dariya har 'yan dako. Alhaji ya ajiye turmin atamfar da ke hannunsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wadda ta haife ni ce take kirana haka. Kai ka haife ni?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Babur ɗin ma ya ƙi tashi, turawa na yi har bakin titi.

Washegari aka aiko wa kawuna cewa a dakata da maganar. Inna ce ta cece ni. Ashe ta ji shirin, kuma tunda take ba a taɓa ambatonta a rediyo ba. Ta ce yaron da ya sa duk Kano ta san da ita, shi za a ba Rabi. Ɗan Lele dai ba ya musu da Inna. (Har gobe ina nan a kan bakana: katin ya tsaru, wanda aka aika wa ne bai dace ba.)

An ɗaura aure. Sai dai har Alhaji ya koma ga Allah bai sake kiran sunana ba, "Mai Kati" kawai, a gida da kasuwa.

Shi ya sa yanzu ko saƙon waya zan tura, da Alhaji ko Hajiya nake farawa, sunan tsakar gida kuma in bar wa masu shi. Jikokina suna dariya, wai na cika tsari. Su ba su taɓa amsa "Mai Kati" a gaban liman ranar sunan ɗansu na fari ba.